GORAN MASUNCI DA ƘWAƘWALWAR KWAMFUTA: YADDA AKE SA JADAWALIN LISSAFI YA HAƊA ABINCIN KIFI

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa halartar bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a shekarar 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, zai tuna cewa masunci ba ya shiga ruwan Matan Fada sai da abubuwa biyu, wato koma da gora. Amfanin koma a fili yake. Shi kuwa gora aiki biyu yake yi: masunci yana dafa shi ya yi iyo, sannan duk ƙaramin kifin da ya kama cikinsa yake jefawa ta bakin da aka fafe. Da a ce ba shi da gora, da sai ya fito gaɓa duk lokacin da ya kama kifi ɗaya, ya ajiye, ya sake komawa ruwa. Kafin ya yi sawu goma abokansa sun cika gorunansu.

Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan misali a zuciyarsa, domin za mu dawo gare shi. Darasinmu na wannan fitowa ya shafi yadda ake sa kwamfuta ta maimaita lissafi mai wuya sau ɗaruruwa, cikin sauri, ba tare da mutum ya zauna yana danna mata kowane mataki ba. Za mu ɗauki misalinmu daga kiwon tarwaɗa, sana'ar da ta shiga gidaje da dama a Birnin Kebbi da kewaye.

Matsalar Mai Kiwon Kifi

A unguwarmu ta Nasarawa ina da wani maƙwabci, dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya gina tankunan siminti a bayan gidansa yana kiwon tarwaɗa. Kamar kowane mai wannan sana'a, fiye da rabin kuɗin da yake kashewa a kan abincin kifi yake tafiya. Abincin kamfani na buhu ya yi masa tsada, saboda haka yakan sayi masara da waken soya da garin kifi da dusar shinkafa ya haɗa da kansa. Dusa kam ba ta wuyar samu a ƙasar Kabi, ga fadamun gulbin Rima, ga kuma manyan masana'antun casar shinkafa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017.

Wata rana bayan sallar la'asar ya tare ni da tambaya. Ya ce, "Dakta, kai da ka karanci halittu, kilo nawa na kowanne zan zuba, kifina ya girma, aljihuna kuma kada ya ƙone? Farashin da na tarar makon jiya ba shi na tarar yau ba."

Tambayar tana da fuska biyu. Ta farko ta ilmin halittu ce: tarwaɗa mai tasowa tana buƙatar abincin da furotin, wato sinadarin gina jiki, ya kai kimanin kashi 35 zuwa 40 cikin 100 nasa. Ta biyu ta lissafi ce: a cikin dukkan haɗe-haɗen da za su cika wannan buƙata, wanne ne ya fi araha? Kuma tun da farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya, amsar yau ba lalle ta zama amsar gobe ba.

Mene ne Jadawalin Lissafi?

Jadawalin lissafi manhaja ce da ke shimfiɗa wa mutum takarda mai gurabe-gurabe a fuskar kwamfuta, kamar gurabun dara. Layukan tsaye suna da haruffa, A, B, C, na kwance kuma suna da lambobi, 1, 2, 3. Don haka kowane gurbi yana da suna: B2 shi ne inda layin B ya haɗu da layi na 2. A cikin gurbi ana iya rubuta adadi, ko kalma, ko ƙa'idar lissafi wadda ke ɗauko adadi daga wasu gurabe. Da zarar an canza adadi ɗaya, duk ƙa'idojin da suka dogara da shi sai su sake lissafa kansu.

Manhajar farko ta wannan iri da ta yaɗu a ƙananan kwamfutoci ita ce VisiCalc, wadda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a Amurka a 1979. Lotus 1-2-3 ta biyo baya a 1983, sannan Excel ta kamfanin Microsoft a 1985. Da Excel za mu yi aiki a nan, domin ita ce aka fi samu a ɗakunan kwamfuta na makarantunmu.

Mataki Na Farko: Lissafi Da Hannu

Kafin a kunna kwamfuta, ya kamata ɗalibi ya iya warware ƙaramin misali da alƙalami. Mu ƙaddara muna da kaya biyu kawai: masara, wadda furotin ɗinta kimanin kashi 9 ne cikin 100, da garin waken soya da aka tatse mansa, mai kimanin kashi 44. Muna son kilo 100 na abinci mai kashi 35.

Idan x shi ne kilon soya, to masara ita ce 100 − x. Furotin da ke cikin haɗin zai zama:

0.44x + 0.09(100 − x) = 35

0.35x = 26

x = 74.3

Wato kilo 74.3 na soya da kilo 25.7 na masara. Amsa ɗaya ce tak, babu zaɓi. Amma da zarar kayan sun kai uku ko huɗu, haɗe-haɗen da za su ba da kashi 35 ba su ƙirguwa, kuma kowanne da kuɗinsa. A nan ne aikin ya tashi daga neman amsa ya koma neman amsar da ta fi kowacce.

Wannan tsohuwar matsala ce. A shekarar 1945 wani masanin tattalin arziki a Amurka, George Stigler, ya nemi sanin haɗin da ya fi araha daga abinci iri 77, wanda zai ba baligi sinadarai tara da jikinsa ke buƙata. Da laluben hankali ya kai ga dala 39.93 a shekara, bisa farashin 1939. A 1947 George Dantzig ya ƙirƙiro dabarar lissafi da ake kira simfules, aka kuwa gwada ta a kan tambayar Stigler. Akawu tara ne suka yi aikin da injunan lissafi na hannu, idan aka haɗa lokacinsu ya kai kimanin kwana 120 na aikin mutum ɗaya. Amsar da suka samu ita ce dala 39.69. Irin wannan lissafi ne kwamfutar makarantarku ke gamawa kafin a ƙifta ido.

Mataki Na Biyu: Solver

Solver wani ƙarin kayan aiki ne da ke cikin Excel tun farkon shekarun 1990, kuma dabarar Dantzig tana daga cikin hanyoyin da yake bi. Idan ba a gan shi ƙarƙashin Data ba, sai a shiga File, sannan Options, sannan Add-ins, a kunna shi. Abubuwa uku yake tambaya: wane gurbi ake so ya yi ƙasa ko ya yi sama iyakar iyawa, waɗanne gurabe aka yarda ya canza, kuma waɗanne sharuɗɗa ne ba a yarda ya ƙetare ba.

Mu tsara jadawalinmu. Farashin da ke nan na misali ne kawai domin koyo, kowa ya sa na kasuwarsa. Yawan furotin kuma kimantawa ce, yakan bambanta daga buhu zuwa buhu.

Layin B: masara, naira 500 kilo, furotin 0.09

Layin C: garin soya, naira 900 kilo, furotin 0.44

Layin D: garin kifi, naira 2,000 kilo, furotin 0.60

Layin E: dusar shinkafa, naira 200 kilo, furotin 0.12

A sa farashi a layi na 2, wato B2 zuwa E2. A sa furotin a layi na 3. A bar layi na 4 domin yawan kilo, shi ne Solver zai cike. Sannan a rubuta ƙa'idoji uku:

G2: =SUMPRODUCT(B2:E2,B4:E4), jimillar kuɗi

G3: =SUMPRODUCT(B3:E3,B4:E4), jimillar furotin

G4: =SUM(B4:E4), jimillar nauyi

Sai a gaya wa Solver ya rage G2 iyakar ragewa ta hanyar canza B4 zuwa E4, bisa waɗannan sharuɗɗa: G4 ya zama 100 daidai, G3 kada ya gaza 35, garin kifi, D4, kada ya gaza kilo 10, dusa, E4, kada ta wuce kilo 15, kuma kada wani adadi ya sauka ƙasa da sifiri. A zaɓi hanyar Simplex LP, a danna Solve.

Amsar da za ta fito ita ce: masara kilo 16.6, soya kilo 58.4, garin kifi kilo 10, dusa kilo 15, a kan naira 83,871. Mai karatu zai iya tabbatar da wannan da alƙalami. Garin kifi ya kawo furotin kilo 6, dusa ta kawo 1.8, saura 27.2 da za a samo daga kilo 75 na masara da soya, ta hanyar lissafin da muka yi a sama.

Mataki Na Uku: Makaro

Yanzu mu ƙaddara ɗalibi ya tattara farashin waɗannan kaya huɗu na kowane mako a shekara guda, daga kasuwanni uku: Birnin Kebbi da Argungu da Jega. Mako 52 sau kasuwa 3 ya ba mu layi 156. Idan muka san haɗin da ya fi araha a kowane layi, mai kiwo zai gane watan da ya kamata ya sayi kaya ya ajiye, da kasuwar da ta cancanci kuɗin mota. To amma yin haka da hannu yana nufin shigar da farashi, buɗe Solver, danna Solve, kwafe amsa, har sau 156. Ko da minti biyu kowane zagaye ke ci, aikin ya haura awa biyar, kuma wanda ya gaji ba ya rasa kuskure.

Maganin wannan shi ne makaro. Makaro jerin umarni ne da ake rubuta wa manhaja sau ɗaya, ta riƙa aiwatarwa duk lokacin da aka kira shi. Tun 1993 Excel ke amfani da harshen umarni da ake kira VBA domin wannan aiki. Ana buɗe wurin rubuta shi da danna Alt da F11 tare, sannan Insert, sannan Module. Ginshiƙin kowane makaro irin namu shi ne zagaye, wato umarnin da ke cewa a yi abu kaza, a ƙara ɗaya a kan ƙirga, a sake yi, har ƙirgar ta cika.

Sai dai a nan ne masu koyo da yawa ke shiga wata matsala. Sukan rubuta makaro, ya yi aiki daidai a kan layi ashirin, amma da aka ba shi layi dubu goma sai ya riƙa jan ƙafa, har mutum ya yi tsammanin kwamfutar ta sandare. Yawanci laifin na tsarin makaron ne, domin an rubuta shi kamar masuncin da ba shi da gora.

Mataki Na Huɗu: Jeri A Cikin Ƙwaƙwalwa

Duk lokacin da makaro ya karanta gurbi ko ya rubuta a cikinsa, sai ya tsallaka daga inda yake aiki zuwa fuskar jadawali, ya dawo. Idan rubutu ya yi, Excel takan duba ko akwai ƙa'idojin da suka dogara da gurbin ta sake lissafa su, ta kuma sabunta abin da ake gani a fuskar kwamfuta. Kowane sawu ɗaya ba wani lokaci yake ci ba, amma sawu dubu talatin abu ne babba. Shi kansa lissafin, wato tarawa da ninkawa, kwamfuta tana yin miliyoyinsa a cikin daƙiƙa guda. Zirga-zirgar ce ke cin lokaci.

Goran kwamfuta shi ne abin da za mu kira jeri. Jeri wuri ne da makaro ke keɓewa a cikin ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, wadda ake kira RAM, mai layuka kamar na jadawali, amma ba a ganinsa, kuma babu ƙa'idar da ke jingine da shi. Dabarar ita ce a kwashe dukkan adadin zuwa jeri a sawu ɗaya, a yi lissafin a can, a zuba amsoshi a wani jerin, sannan a juye su a jadawali a sawu ɗaya.

Ga misali daga aikinmu na ilmin halittu. Idan muna son sanin ko kifi ya yi ƙiba daidai da tsawonsa, mukan yi amfani da ma'aunin Fulton: a ninka nauyin kifi na giram sau 100, a raba da tsawonsa na santimita wanda aka ninka da kansa sau uku. Tarwaɗa mai tsawon santimita 30 da nauyin giram 200 za ta ba da 20,000 a raba da 27,000, wato 0.74. A ce muna da awon kifi 10,000, tsawo a layin A, nauyi a layin B. Makaron da ke bin gurbi ɗaya-ɗaya zai yi karatu 20,000 da rubutu 10,000, sawu 30,000 ke nan. Wannan kuwa sawu biyu zai yi:

Sub LafiyarKifi()
  Dim awo, amsa(1 To 10000, 1 To 1), i
  awo = Range("A2:B10001").Value
  For i = 1 To 10000
    amsa(i, 1) = 100 * awo(i, 2) / awo(i, 1) ^ 3
  Next i
  Range("C2:C10001").Value = amsa
End Sub

Mu bi shi daki-daki. Layin da ya fara da Dim yana tanadar wuri a ƙwaƙwalwa. Layi na gaba shi ne sawun farko, ya kwashe adadi 20,000 gaba ɗaya zuwa jerin da muka sa wa suna awo. Daga For zuwa Next shi ne zagayen, kuma a lura babu inda ya taɓa jadawali. Ma'anar awo(i, 1) ita ce tsawon kifi na i, awo(i, 2) kuma nauyinsa. Layin da ke gab da na ƙarshe shi ne sawu na biyu, inda aka juye amsoshi a layin C. A kula da abu ɗaya: kifi na 1 a cikin jeri yana layi na 2 ne a jadawali, saboda layi na 1 kanun bayani ne. Wannan bambanci na ɗaya tak ya sha rikita masu koyo.

Mataki Na Biyar: Haɗa Solver Da Makaro Da Jeri

A nan akwai wata iyaka da ya wajaba a sani. Solver ɗin da ke zuwa tare da Excel ba ya aiki a cikin jeri, gurabun jadawali kawai yake gani. Saboda haka ba za mu iya kauce wa jadawali ɗungurungum ba. Abin da za mu yi shi ne mu taƙaita zirga-zirga: jeri ɗaya ya riƙe dukkan farashi, wani ya tara dukkan amsoshi, jadawali kuma ya zama wurin da Solver ke aiki a kan layi ɗaya a lokaci guda.

A buɗe sabon shafi a sa masa suna Kasuwa, a jera farashin nan 156 daga A2 zuwa D157, bisa tsarin masara, soya, garin kifi, dusa. A wurin rubuta makaro a shiga Tools, sannan References, a zaɓi Solver, in ba haka ba makaron ba zai gane sunansa ba. Sharuɗɗan da muka shigar da hannu tun farko suna nan ajiye tare da shafin haɗin abinci, don haka sai a tsaya a kan wannan shafi lokacin da za a tayar da makaron.

Sub HadaAbinci()
  Dim farashi, amsa(1 To 156, 1 To 6), i, j
  farashi = Sheets("Kasuwa").Range("A2:D157").Value
  Application.ScreenUpdating = False
  For i = 1 To 156
    For j = 1 To 4
      Cells(2, j + 1).Value = farashi(i, j)
    Next j
    amsa(i, 6) = SolverSolve(True)
    For j = 1 To 4
      amsa(i, j) = Cells(4, j + 1).Value
    Next j
    amsa(i, 5) = Range("G2").Value
  Next i
  Sheets("Kasuwa").Range("F2:K157").Value = amsa
  Application.ScreenUpdating = True
End Sub

A kowane zagaye makaron yana ɗora farashi huɗu a layi na 2, ya kira Solver, ya kwashe kilo huɗu da jimillar kuɗi ya jefa a jerin amsa. Kalmar True da ke gaban SolverSolve tana hana Solver tsayawa ya tambayi mutum ko ya yarda da amsa. Umarnin ScreenUpdating kuwa yana hana sabunta fuskar kwamfuta har sai an gama.

Gurbi na shida a jerin amsa yana da muhimmancin gaske. Duk lokacin da Solver ya gama yakan dawo da lamba mai bayyana yadda aikin ya ƙare. Lamba 0 tana nufin ya sami amsar da ta cika dukkan sharuɗɗa. Lamba 5 tana nufin bai sami haɗin da zai cika su ba. Ko a wannan hali akwai adadi zaune a layi na 4, kuma makaron zai kwashe su kamar amsar ƙwarai. Wanda bai ajiye wannan lamba ba, ba shi da hanyar bambance tsaba da tsakuwa.

Abin Da Kwamfuta Ba Ta Sani Ba

Na ba wani ɗalibina wannan aiki ya gwada a kan kayan maƙwabcina. Washegari ya zo da murna, ya ce ya samo haɗin da ya fi nawa araha da fiye da naira 13,000 a kowane kilo 100. Muka tafi tare wurin dattijon. Ɗalibin ya miƙa takarda, ya ce, "Baba, ga shi, soya kilo 71.9, dusa kilo 28.1, furotin ya cika 35 cif, a kan naira 70,313."

Dattijon, wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, ya dubi takardar, ya ce, "Yaro, ina garin kifi? Ina masarar da za ta kama shi? Wannan ai kafin ya nutse ya wargaje, ruwa ya ɓaci, kifi bai ci ba. Araha ba ta ado."

Da muka koma muka duba, ashe ɗalibin ya manta sharuɗɗa biyu, na garin kifi da na dusa. Solver bai yi kuskure ba, tambayar da aka yi masa ita ya amsa. Bai san cewa furotin na tsirrai yana da ƙarancin wasu sinadarai da kifi ke buƙata ba, kamar metiyonin da ke ƙaranci a waken soya, wanda garin kifi ke cikewa. Bai san cewa dusa mai yawa tana da ɓawon da hanjin tarwaɗa ba ya narkarwa sosai ba, ko cewa sitacin masara ne ke taimaka wa ƙwayar abinci ta dunƙule. Haka kuma ba zai gaya maka cewa ɗanyen waken soya sai an gasa shi ba, domin yana ɗauke da sinadarin da ke hana narkewar furotin, ko cewa tunkuzar gyaɗa da ta yi funfuna tana iya ɗauke da gubar aflatoksin. Duk waɗannan sai mai ilmin halittu ko gogaggen mai kiwo ya mayar da su sharuɗɗa. Kuma a tuna, da an saka wannan mantuwa a cikin makaro, da kuskure ɗaya ya zama kuskure 156, an jera su tsaf gwanin sha'awa.

Akwai wasu abubuwan kiyayewa. Na farko, jeri yana kwashe duk abin da ya tarar a gurbi, mai kyau da maras kyau, kuma Excel takan canza abin da aka rubuta ba tare da ta yi shawara ba. Masana ƙwayoyin gado sun ɗanɗana wannan: sunaye irin su SEPT2 da MARCH1 takan mayar da su kwanan wata. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya gano irin wannan ɓarna a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da ya duba masu ɗauke da jerin sunayen a Excel, har a 2020 kwamitin da ke raɗa waɗannan sunaye ya canza wasu, MARCH1 ya koma MARCHF1. Saboda haka a duba bayanai da ido kafin a tayar da makaro. Gurbin tsawon kifi guda ɗaya da aka bari babu komai ya isa ya tsayar da makaronmu na farko, domin ba a rabawa da sifiri.

Na biyu, abin da makaro ya rubuta ba a iya janye shi da Undo, don haka a ajiye kwafin fayil kafin gwaji. Na uku, abin da ke cikin jeri yana ɓacewa da zarar an ɗauke wuta, idan kwamfutar ba ta da batir. In aikin mai tsawo ne, a riƙa juye amsoshi a jadawali ana adanawa bayan kowane zagaye hamsin. Na huɗu, fayil mai makaro sai an adana shi da ƙarshen suna .xlsm, kuma kada a yarda a tayar da makaron da ya zo daga wanda ba a sani ba, domin ta wannan ƙofa miyagun manhajoji kan shigo. Na biyar, Excel ta wayar hannu ba ta tayar da makaron VBA, kuma Solver na cikin Excel ba ya karɓar gurabe masu canzawa fiye da 200.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga matakai biyar: a warware ƙaramin misali da hannu, a tsara matsalar a jadawali Solver ya nemo mafi araha, a rubuta makaro ya maimaita aikin, a yi amfani da jeri a rage zirga-zirga, sannan a haɗa su wuri ɗaya. Wannan tsari bai tsaya a kan abincin kifi ba. Da shi za a iya lissafa abincin kaji, ko haɗin takin zamani a gonar shinkafa, ko rabon fili tsakanin shinkafa da albasa a noman rani. Shawarata ga malamai ita ce kada a bar ɗalibi ya taɓa makaro sai ya nuna amsar layi ɗaya da alƙalaminsa, kuma ya iya faɗin dalilin kowane sharaɗi. Maƙwabcina yana nan yana haɗa abincinsa, kuma duk takardar da muka kai masa sai ya karanta ta layi-layi kafin ya aika kasuwa.

Aikin Gwaji

1. Da alƙalami, nemo kilon masara da na soya da za su ba da kilo 100 mai furotin kashi 30.

2. A misalinmu na kaya huɗu, riƙa rage farashin garin kifi da naira 100 kana sake kiran Solver. A wane farashi ne ya fara zuba fiye da kilo 10? Me ya sa?

3. Sa sharaɗin furotin ya zama 65, ka tayar da makaro na biyu. Wace lamba ce ta fito a layin K, kuma me take nufi?

4. Rubuta makaron ma'aunin Fulton ta hanyar bin gurbi ɗaya-ɗaya, ka auna lokacinsa da agogo, ka kwatanta da na jeri.

5. Tambayi wani mai kiwon kifi ko kaji a unguwarku abu ɗaya da ba ya yarda ya wuce kima a abincin dabbobinsa. Rubuta amsarsa a matsayin sharaɗin da Solver zai fahimta.